Matacciyar Tsirkiya

Ranar da aka zauna rabon gadon mahaifinsa a zauren gidansu da ke Darmanawa, an lissafa komai: gidan, da wani fili a hanyar Zariya, da tsohuwar motar da ta shekara biyar ba ta motsa ba, da littattafai, har da agogon bango. Abu ɗaya ne malamin da ya zo rabon ya tsallake, bayan ya ɗaga murfin akwatin ya leƙa. Fayafayan garmaho ne, sun kai arba'in, kowanne cikin rigarsa ta takarda da ta yi ja don tsufa. Babu wanda ya san kuɗin da za a yi musu, babu kuma wanda ya nuna yana so. Babban wansu ya dubi ƙaraminsu ya ce, "Auta, kai ne mai harkar kiɗe-kiɗe. Kwashe." Duk wanda ke zauren ya san ba yabo ba ne.

Auta, kamar yadda ake kiransa a gida har yau da ya haura shekara talatin, yana aiki a wani ƙaramin situdiyo da ke wajen Titin Gidan Zoo, tafiyar 'yan mintoci a adaidaita sahu daga unguwarsu. Aikinsa haɗa kiɗa: waƙar amarya, waƙar ɗan takara, waƙar fim, wani lokaci tallar sabulu ko ta makarantar kuɗi. Tun tsakiyar shekarun 1990, lokacin da fiyanon Yamaha samfurin PSR ya shigo masana'antar fina-finan Hausa ya zama shi ne kalangu, shi ne sarewa, shi ne goge, mai irin wannan sana'a a Kano da yatsu goma da na'ura ɗaya yake fitar da ƙungiyar makaɗa sukutum. Sautin ƙasa, wato wannan mai kauri da ke riƙe da kiɗa daga gindi, wanda 'yan sana'ar ke kira bes, aikin hannun hagu ne kawai: a danna, a saki. Bai taɓa zaton akwai wani abin nema a cikinsa ba.

Fayafayan sun girme shi nesa ba kusa ba. Mahaifinsa na cikin samarin ma'aikatan da gwamnatin Jihar Arewa ta riƙa turawa kwas Ingila a shekarun farko na 'yancin kai, domin su dawo su hau kujerun da Turawa ke bari. Ya dawo da takardar shaida, da kwat, da wannan akwati. Yawancin fayafayan ƙanana ne, masu juyi 45 a minti, kuma a tsakiyar da yawa daga cikinsu an rubuta Blue Beat. Tambari ne da kamfanin Melodisc na Emil Shalit ya buɗe a Landan a 1960 don sayar da kiɗan Jamaika ga 'yan tsibirin da suka yi ƙaura zuwa Ingila, ya kuma shahara har Turawa suka riƙa kiran kiɗan da sunan tambarin. Shi dai wannan Melodisc ɗin shi ne ya buga fayafayan Ambrose Campbell, ɗan Legas, da ƙungiyarsa ta West African Rhythm Brothers, saboda haka ba abin mamaki ba ne ɗan Nijeriya ya shiga shago neman kiɗan gida ya fito da na Kingston. Sunan da ya fi yawa a akwatin shi ne Prince Buster, mawaƙin da ya musulunta a 1964 bayan haɗuwarsa da ɗan dambe Muhammad Ali. Marigayin bai taɓa yi wa 'ya'yansa wannan bayani ba. Hasali ma bai taɓa yi musu maganar fayafayan ba ko sau ɗaya. Abin da suka sani shi ne, wasu ranakun Asabar da hantsi yakan shiga turakarsa ya turo ƙofa, sai wani abu ya fara bugawa a ciki, dum, dum, dum, dum, kamar ƙaton mutum yana hawa matakala ba gajiya.

Sai da aka yi wata shida da rasuwar Auta ya iya aro garmaho ya ɗora faifai na farko. Muryar mawaƙin ba ta ce masa komai ba, busar ma haka. Abin da ke ƙasa ne ya tsayar da shi. Washegari ya zauna gaban fiyanonsa ya bi duk wani bes da kamfanin ya zuba a ciki, ɗaya bayan ɗaya, bai sami ko mai kama da shi ba. Bayan mako biyu ya shiga Sabon Gari, inda shagunan kayan kiɗa ke cin kasuwarsu da majami'u, ya sayo jitar bes ta hannu, kwaikwayon samfurin Fender, mai tsirkiya huɗu. Ya sa mata sababbin tsirkiyoyi masu ƙyalli, ya jona ta da amfilifaya, ya kaɗa. Sautin ya fito tas, mai ƙarar ƙarfe, yana ta jan wutsiya kamar an buga tukunyar alminiyam. Kyakkyawan sauti ne, kuma babu abin da ya haɗa shi da wanda yake nema.

Kafin a gane inda ya kuskure, sai an san yadda aka gina kiɗan. Ska ya tashi a Kingston a ƙarshen shekarun 1950, ya yi tashe daidai lokacin da Jamaika ta sami 'yancin kai a watan Agustan 1962, kusan shekara biyu bayan Nijeriya. Iyayensa uku ne: kiɗan rawa na baƙaƙen Amurka da ake kamowa a rediyo daga New Orleans da Miami, da jaz, da kiɗan karkarar tsibirin da ake kira mento. Alamar da ake gane shi da ita ita ce jita da fiyano, sau da yawa har da kayan busa, ba sa faɗawa a kan bugu, sai a tsakanin bugu da bugu. A kwatanta da mai tafiya: su suna magana ne lokacin da ƙafa ke sama, shi kuwa bes yana magana lokacin da ta taɓa ƙasa, taku huɗu a kowace gaɓa, yana hawa yana sauka. Daɗin kiɗan gaba ɗaya yana cikin wannan karɓa-karɓa. Idan sautin bes ya daɗe bai mutu ba, sai ya malala cikin gurbin da aka bar wa jita, ya cike shi, tsallen ya ɓace, rawar ta koma jan ƙafa. Ke nan gajartar sautin sharaɗi ce. Dole kowane taku ya faɗi da nauyi, ya mutu da wuri, ya ba na gaba wuri.

Mutumin da aka fi jin hannunsa a fayafayan wancan zamani shi ne Lloyd Brevett, na ƙungiyar The Skatalites, wadda aka kafa a 1964 ta watse a 1965, amma makaɗanta suka yi wa kusan kowane mawaƙin Kingston kiɗa, a situdiyon Clement Dodd mai suna Studio One da ke lamba 13 a titin Brentford da sauran wurare. Brevett ba jita yake kaɗawa ba. Ƙaton bes ne na katako, mai siffar goge amma ya kai tsayin mutum, ana tsayar da shi a ƙasa a rungume shi, ba ya kuma buƙatar lantarki. A wurin mahaifinsa ya koyi kaɗa shi, ya kuma koyi sassaƙa shi. Da yawa daga masu kaɗa irinsa a lokacin tsirkiyar hanjin dabba suke ɗaurawa, kuma ɗabi'ar irin wannan tsirkiya a kan babban akwatin katako ita ce ta yi gurnani sau ɗaya ta yi shiru. Kunnen Bahaushe bai kamata ya yi baƙunta da wannan ba. Garaya haka take, gurmi haka yake, kuntigin Ɗan Maraya Jos ma, duk da siririyar muryarsa, ba ya jan magana: ya faɗa, ya tsaya, ya sake faɗa. Fata da ƙwarya ba sa riƙe sauti, kuma makaɗanmu ba su taɓa ɗaukar wannan a matsayin naƙasa ba. A kansa suka gina salonsu.

Ita kuwa jitar bes ta lantarki, lokacin da Leo Fender ya fitar da samfurin Precision a Amurka a 1951, ya yi ta ne don ta maye gurbin wancan ƙato, ta fi shi sauƙin ɗauka da ƙarfin murya. Don haka da farko an yi ƙoƙari ta yi kama da shi. Tsirkiyoyinta masu santsi ne, an naɗe su da lafiyayyen ƙarfe mai faɗi, kuma a ƙarƙashin murfin da ke rufe gindinsu akwai ɗan soso da ke danne su. Sai a 1966 kamfanin Rotosound na Ingila, tare da John Entwistle na ƙungiyar The Who, ya fito da tsirkiyoyi masu kaushi, waɗanda aka naɗe da zagayayyar waya, masu ƙara da tsawon numfashi. Su suka ci kasuwa har yau. Kusan duk jitar bes da mutum zai saya yanzu, daga Sabon Gari har Tokyo, an shirya ta ne ta yi haske ta kuma daɗe tana amo, wato an shirya ta ne ta yi kishiyar abin da Auta ke nema. Aikin da ke gabansa duk na ragewa ne, a kasuwar da kowa ke sayar da ƙari.

Akwai kuma wani ruɗani da ya cinye masa makonni a intanet. Masu cewa "tsohon sautin ska" ba abu ɗaya suke nufi ba. Wasu na nufin zamanin Brevett. Wasu na nufin abin da ya biyo baya daga 1966, lokacin da kiɗan ya rage gudu ya zama rocksteady, bes na lantarki ya karɓi ragama a hannun irin su Jackie Jackson a situdiyon Duke Reid da Leroy Sibbles a Studio One. Wasu kuma na nufin farfaɗowar da aka yi a birnin Coventry na Ingila a 1979 ƙarƙashin tambarin 2 Tone, inda bes ɗin Horace Panter na The Specials ya fi kaifi da gaggawa. Shawarar da ta dace da na uku tana ɓata na farko. Akwatin mahaifinsa ne ya raba masa gardama: babu faifai ko ɗaya a ciki da ya wuce tsakiyar shekarun 1960.

Ya fara da tsirkiya. Ya zaga shagunan Sabon Gari yana tambayar masu santsi, ana kallonsa kamar mai neman ƙahon kare. Masu sayen bes a Kano yawancinsu makaɗan majami'a ne, kuma salon da ke tashe a wurinsu shi ne na marin tsirkiya da babban yatsa a fizge ta da manuni, salon da ke son ƙarfe sabo fil. A shago na huɗu ya haɗu da wani dattijon makaɗi, mutumin Wusasa, wanda ya shekara ashirin yana kaɗa bes ranar Lahadi. Ya saurare shi har ya gama, sannan ya yi dariya ya ce, "Malam, mu nan tafasa tsirkiya muke yi a ruwan zafi don ta farfaɗo. Kai kuma gawa kake nema?" Auta ya ce gawa yake nema. Mako na gaba dattijon ya zo masa da wasu tsirkiyoyi huɗu a cikin leda, waɗanda suka sha gumi da ƙurar Kano shekara uku har suka daina ƙyalli, ya ƙi karɓar ko sisi. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji shi, amma bai taɓa jin an yi da tsohuwar waya ba.

Matattun tsirkiyoyin sun kai shi rabin hanya. Dattin da ya cike tsakanin naɗin wayar yana hana ta karkarwa mai sauri, wadda ita ce ke haifar da ƙarar ƙarfe, ya bar mai nauyin. Amma kaushinsu na nan, kuma duk lokacin da yatsa ya zame a kansu sai a ji ƙiii. A ƙarshe sai da ya yi odar masu santsin daga waje ta hannun wani ɗan kasuwa a Legas, a daidai lokacin da darajar naira ta zube bayan an sake ta a watan Yunin 2023. Kuɗin ya fi abin da yake samu a waƙar biki biyu. Daga cikin abin da yake tarawa na lefe ya cira, bai kuma faɗa wa kowa ba.

Abin da ya fi kowanne tasiri kuwa bai ci ko kwabo ba. Ya yanko soso daga tsohuwar katifa, faɗin yatsu biyu, ya cusa shi ƙarƙashin tsirkiyoyin dab da inda suke hawa abin da masu goge ke kira jaki. A nan ne ya fara jin dum ɗin. Sai dai aikin na son haƙuri. Idan soson ya yi kauri, sai ya shaƙe sautin gaba ɗaya, a ji bugu ba a san wace murya ce ba, har ya ɗan ɗaga sautin daga inda aka saita shi. Idan ya yi laushi, kamar ba a sa ba. Ya yi kwana uku yana aske shi da reza, yana matsar da shi gaba da baya da ɗan abin da bai kai faɗin farce ba, kafin ya sami wurin da tsirkiya ke faɗin sunanta sannan ta mutu. Wannan ita ce dabarar da Fender ya sa tun farko, wadda makaɗa suka yi shekaru suna ɓallewa suna zubarwa.

Sai hannu. Mai koyo yakan kaɗa kusa da jaki, inda tsirkiya ta fi tauri, domin nan ne sauti ke fita da kaifi. Ana son akasin haka: a matso da hannu har kan ƙarshen wuyan jitar, inda tsirkiya ke da laushi, a ja ta da tsokar gefen babban yatsa ko da gefen manuni a kwance, yadda mai ƙaton bes ke yi, ba da kan yatsa ba, ba kuma da farce ba. Hannun hagu shi ma yana da nasa aikin, wanda ba a cika faɗa ba: da zarar sauti ya fita, sai a ɗan sassauta yatsan da ya danne tsirkiyar ba tare da an ɗage shi ba, sautin ya yanke. Tsawon kowane taku a nan ake auna shi. Auta ya yi wata biyu yana bin faifai ɗaya kafin hannayensa biyu su daina gardama da juna.

A wajen na'ura ya yi kuskuren da kusan kowa ke yi. Ya murɗe maɓallin kaifi na jikin jitar har ƙarshe, wannan daidai ne. Sannan ya je kan amfilifaya ya ƙure maɓallin nauyi, yana zaton tsohon sauti shi ne mai girgiza taga. Abin da ya fito laka ce. Tsirkiya mafi kauri a jitar bes tana karkarwa kusan sau 41 a daƙiƙa, amma na'urorin ɗaukar sauti na Kingston a farkon shekarun 1960, da allurar da ke yanka faifai, ba su adana da yawa daga wannan zurfin ba. Jikin sautin da ake ji a waɗannan fayafayai yana sama da haka, wajen karkarwa ɗari zuwa ɗari uku, inda ƙirjin katako ke amsawa. Da ya mayar da nauyin tsakiya, ya ɗan ɗaga abin da ke bisansa, ya datse na can sama, sai takun ya fito da siffarsa.

Kano ma ta sa nata hannun. Tsirkiyoyi masu santsi sun fi jan wuyan jita, sai ga hunturu ya shigo ya busar da katakon, wuyan ya lanƙwashe, bakin ƙarafan da ke jere a kansa suka fito suna yankar yatsa. Ya koyi ɗaure sandar ƙarfen da ke cikin wuyan, kwata-kwatan juyi a rana, ya kuma riƙa ajiye jiƙaƙƙen tsumma a cikin jakar jitar. Wayoyin gidan, kamar na yawancin gidajen unguwar, ba su da layin da ke sauke wuta ƙasa, don haka amfilifaya ke yin zuuu har sai ya taɓa tsirkiya. Idan aka tayar da janareta abin ya ninka. Ya koma yin aiki da batirin sola, da dare, bayan injin markaɗen maƙwabta ya yi shiru.

A irin wannan dare ne babban wansa ya shigo gaida Hajiya ya same shi da jita a rataye. Bai yi magana a gabanta ba. Sai da suka fito zaure ya ce, "Fiyano dai mun ce sana'a ce, ana zaune ake yi, kamar mai aikin kwamfuta. Wannan kuma fa? Mutanen nan suna bincike a kanka. Ni zan je karɓar auren nan. Me zan ce idan an tambaye ni?" Tambayar ba ta rasa tushe ba. A ƙasar Hausa makaɗi yana da gata a fada da wurin biki, amma ba kowane gida ke ba shi 'ya ba, kuma digiri bai goge wannan ba. Fiyano ya samar wa samarin Kano wata mafaka: mai shi injiniya ne, furodusa ne, ba maroƙi ba. Jita a wuya ba ta da wannan rigar. Auta ya ce, "Yaya, fayafayan Baba ne fa." Wan ya yi shiru, sannan ya ce, "Baba ƙofa yake rufewa." Ya sa takalmansa ya fita.

Maganar ta zauna masa, ta fuskar da mai faɗinta bai nufa ba, amma ba a wannan daren ba. A lokacin abin da ya dame shi shi ne ya yi duk abin da ake yi, sautin kuma bai kai ba. Ya ɗauki bes ɗin a kwamfuta, ya ɗora masa ganguna da busa daga fiyano, ya saurara. Kowane abu na wurinsa, tsaf, kamar ɗakin da ba a kwana a ciki. Dalili ɗaya ya gano da kansa. A Kingston makaɗa takwas ko goma ne a ɗaki ɗaya, a lokaci ɗaya, da makirufo kaɗan, ana ɗauka a kan layi ɗaya ko biyu. Bes yana shiga makirufon mai busa, ganga tana shiga na bes, kuma babu wanda takunsa ya yi daidai da agogo. Brevett da mai ganga Lloyd Knibb suna jan juna suna tura juna, abin da kwamfuta ke ɗauka kuskure ta gyara. Auta ya kashe wannan gyaran. Ya daina jona jitar kai tsaye, ya kafa makirufo taku biyu daga lasifika don iskar ɗaki ta shiga. Ya roƙi dattijon Wusasa ya kawo masa mai ganga da mai busa ƙaho daga cikin yaransa, suka yi yini guda a turakar marigayin, wadda yanzu ita ce ɗakinsa. Abin ya yi kyau ƙwarai. Duk wanda ya san fayafayan zai ce an kamo su. Shi kaɗai ya san da saura, ya kuma kasa faɗin mene ne.

Wata Asabar da hantsi yana sauraron abin da suka ɗauka, ta tsohuwar lasifikar katako ta mahaifinsa, Hajiya ta ƙwala masa kira ya zo ya sauke mata buhu. Ya fito da sauri, iska ta turo ƙofar a bayansa. Yana tsakiyar tsakar gida, kusa da inda randa take tun yana yaro, ya tsaya cak.

Bulo da siminti da ƙofar katako ba sa tare sauti baki ɗaya, zaɓa suke yi. Siririn sauti mai saurin karkarwa ba ya iya motsa bango, sai ya koma ciki. Mai nauyi kuwa yana ratsawa. Wanda ke waje ba ya jin kaifin busa, ba ya jin ƙarar allura a kan faifai, ba ya jin kalmomin mawaƙi sai inuwarsu. Takun kawai ke isowa, a dunƙule, da ɗan amon ɗakin da ya baro. Auta bai taɓa jin waɗannan fayafayai daga cikin turaka ba sai bayan mai turakar ya rasu. Yaran gidan ba sa shiga. Shekara biyu ya yi yana auna aikinsa da faifai, da abin sauraro a kunne, alhali ma'aunin da ke cikin kansa daga nan ne aka ɗauke shi, daga gefen randa, a tsayin yaro ɗan shekara shida.

Hajiya na kan tabarma tana tsintar shinkafa a faranti. Ba ta ɗago kai ba. Ta ce, "Rage shi kaɗan, Auta. Shi ba ya kai shi haka." Ya koma ya rage, ya fito, ya ja ƙofar har ta kama. Ta ɗan saurara, hannunta ya tsaya a cikin shinkafar. Sannan ta ce buhun na nan bakin madafa.

Da yamma ya fito da makirufo tsakar gida, ya kafa shi a kan kujera 'yar tsugune, ya kunna kiɗan a ɗaki, ya rufe ƙofa, ya sake ɗauka daga waje. A cikin abin da ya samu akwai ƙarar farantin Hajiya, da hon ɗin wata adaidaita sahu daga bakin titi, da kukan akuyar maƙwabta sau biyu. Bai goge ko ɗaya ba. Bai kai shi situdiyo ba, domin babu mawaƙin da zai saya, kuma bai yi don haka ba. Kuɗin lefen ya mayar da su a hankali, daga waƙoƙin siyasa. Maganar auren tana nan, ba a fasa ba, ba a kuma sa rana ba.

Mutum ɗaya ya tura wa, ta WhatsApp, ba tare da ya rubuta komai a ƙasa ba. Alama ta nuna Yaya ya buɗe a daren. Kwana tara ke nan bai ce uffan ba. Lasifikar waya ba ta fitar da sautin da ya yi ƙasa haka, kuma a wannan ɗaukar kusan babu komai sai shi. Idan a kan waya ya kunna, abin da zai ji shi ne faranti da akuya. Auta ya sayi abin sauraro na kunne, mai kyau, ya ba ɗan wan nasa da ya zo cefane, ya ce ya kai wa babansa, ya ce inji Hajiya.